Turancin Ofis a Ɗakin Uwa

Ƙanƙara,
ranar Alhamis, bayan la'asar.

Zuwa ga ɗiyata Shatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar da yau kwana biyu ban samu na yi miki da baki ba, ko da yake bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki. Ina roƙon Allah ya sa tafiyar da za ki yi jibi ta zama ta alheri, ya tsare ki a hanya, ya tsare ki inda za ki sauka, ya haɗa ki da mutanen kirki a wurin aikin nan na Kaduna. Ya ba ki lafiya da haƙurin zama ƙarƙashin wani, don wannan haƙurin ba a wajena za ki gaje shi ba.

Na ga takardarki. Jiya da safe na ɗaga fulas ɗin shayi na same ta a ninke, na karanta ta a tsaye. Layi biyu ne da Turanci: "I do not require any further corrections. I have not asked for them and I will not accept them." Wato ba ki buƙatar wani gyara, ba ki nema ba, ba kuma za ki karɓa ba. A ƙasa kika sa A'ishatu Abdullahi, har da sa hannu, hatimi kawai ya rage. Babu kuskure ko ɗaya a ciki. Sau uku na duba, ke ma kin san zan duba. Babanku ya ga fuskata ya miƙo hannu, na ba shi. Ya karanta a hankali, ya tambaye ni ko daga kotu aka aiko, sannan ya ninke ya mayar mini ya ce ai wannan rubutun uwarta ne, hannu ne kawai ya sauya. Ya ɗauki fartanyarsa ya fita.

Raina ya ɓaci, kuma har yanzu bai gama sauka ba. Na san abin da ya jawo. Ranar Talata Gwaggonki Ladi da maƙwabta biyu suna tsakar gida suna daka miki yajin da za ki tafi da shi, ni kuwa na ɗauko takardunki biyu daga kan keken ɗinki, na zaro jan biro, na dinga karantawa da ƙarfi ina gyarawa. Gwaggonki da ba ta jin Turanci ko na sayen gishiri ita ta fi kowa dariya. Kika tsaya riƙe da rariya, sannan kika shige ɗaki. Tun daga nan ba ki ƙara yi mini magana ba sai gaisuwar safe, ita ma kina kallon ƙasa. Jibi mota za ta tafi da ke. Abin da ya sa na zauna rubutu ke nan: ba na so ki bar gidan nan da wannan takardar a matsayin maganarki ta ƙarshe da ni. Zan dawo kan Talata. Bari in fara gaya miki inda na samo wannan ciwon, don shekara ashirin da 'yan kai kina ganinsa ba ki san asalinsa ba.

Abin duk a kan ƙaramin abu ne. Masu Turanci idan suna magana sukan haɗiye wani yanki na kalma. I am ta koma I'm, do not ta koma don't, sai a rataya ɗan waƙafi a sama don a nuna inda aka haɗiye. Mu ma muna yi. A baki kikan ce na ce mai, kin yi min, alhali in za ki rubuta wa hakimi sai ki ce na ce masa, kin yi mini. Har sunaye haka muke yi da su: ke Shatu ce a gida, A'ishatu a takardar makaranta. Babu wanda ya fi wani zama daidai, kowanne da wurinsa. Ni wurin ne na kasa ganewa, sau uku, kuma kowane karo ya fi na baya tsada.

Na farko ina sabuwar malama. An tura ni firamare a Mabai, ga ni da cikin yayanku babba, ga damina ta kankama. Kullum babanku ya goya ni a babur mu bi wannan hanyar da ke komawa kunu in an yi ruwa. Sai na ji akwai gurbi a wata makaranta a cikin gari, na zauna na rubuta wa sakataren ilimi na lokacin takardar neman canji. Ki tuna ni Turancina a littattafan labari na koye shi. Tun muna kwalejin horon malamai babu littafin da ya shigo ɗakin karatu ban kwana da shi ba, kuma a cikin labari mutane magana suke yi, ba takardar ofis suke rubutawa ba. Don haka na rubuta yadda na ji suna yi: I can't, I don't, it isn't. Na karanta na ji ta yi daɗi a kunne, har na yi alfahari da ita.

Wata biyu shiru. Na shirya na je ofishin da kaina. Akwai wani tsohon akawu, Malam Sule, mai tabarau ɗaure da zare, Allah ya jiƙansa. Shi ya kira ni gindin dalbejiya inda babu kowa, ya gaya mini an karanta takardata a bainar ma'aikata, an yi dariya, sakataren ya ce wannan yarinyar tana zaton sa'arta take rubuta wa. Gurbin kuma an riga an ba wani malami. Na ce a nuna mini tasa takardar. Malam Sule bai so ba, amma na tsaya masa a kai har ya ɗauko. Shatu, kowane layi da kuskurensa. Mutumin bai san inda ake ajiye aya ba. Amma komai ya rubuta shi a cike, ya buɗe da ladabi ya rufe da ladabi. Na fara faɗa, na ce Turancina ya ninka nasa goma. Tsohon ya bari na gama, sannan ya ce:

"Malama, su ba su san ki ba. Takardar kawai suka gani, ita kuma ta shigo musu babu mayafi."

Na sake rubutawa yadda ya nuna mini, amma sai bayan shekara aka waiwaye ni. Daminar nan kaf a kan babur na yi ta, har sau ɗaya muka zube a kwata ni da cikin, Allah dai ya kiyaye. Yau in na tuna mutanen ofishin nan suna dariya, waɗanda rabinsu ba za su iya karanta shafi ɗaya ba tare da bin layi da yatsa ba, sai raina ya ɓaci. Ba su yi adalci ba. Amma su suna zaune a inuwa, ni ce a cikin taɓo.

To ki ji. Duk takardar da za ta je hannun wanda ba ki taɓa zama da shi ba, ko wanda ke gaba da ke a aiki, ko wadda za a huda a saka a fayil, ki rubuta komai a cike. Takardar neman hutu, rahoto, bayanin taro, amsar tuhuma in Allah ya kawo ta, har saƙon imel. Fayil ya fi mutum daɗewa a ofis. Wanda zai buɗe shi bayan shekara goma bai san kina da ladabi ba, bai san kin iya aiki ba, abin da ke kan takarda shi ne ke. Za ki ga shugabanki yana rubuto miki a gajarce, yana wasa. Kada ki bi shi nan da nan. In babba ya ce ki hau kujera, ai kikan fara zama a tabarma har sai ya maimaita. Shi yana da ikon sassautawa, ke watanni ukun farko gwaji ake yi miki, ana kallon har yadda kike ajiye jaka. Wuri ɗaya ne za ki gajarce a takardar aiki ba laifi: in kina kawo maganar wani kamar yadda ta fito daga bakinsa. Nan ba ki da ikon yi masa kwalliya.

Da a nan na tsaya da na huta. Sai na ɗauki abin da ya same ni na mayar da shi addini. Na rantse ba za a sake yi mini dariya ba, na daina gajarce komai, ko a takardar cefane. Da aka mayar da ni sakandaren 'yan mata a Faskari, ba a yi zango ɗaya ba yara suka sa mini suna Malama Do Not. Na ji, kuma har ga Allah daɗi na ji.

A ajin nan akwai wata yarinya 'yar Ruwan Godiya, Hauwa'u, siririya, mai zama kusa da taga. Na ba su aikin rubuta wasiƙa zuwa ga 'yar'uwa, kowa ta ba da labarin kaka a garinsu. Sauran suka rubuto abin da aka saba, an girbe dawa, an gode Allah. Hauwa'u ta rubuto wa yayarta yadda jakinsu ya kwance ya faɗa gonar waken maƙwabci, kakansu ya bi shi da buta a hannu yana tsakiyar alwala, yana yi wa jakin nasiha yana kiransa da sunan surukinsa. A ɗakin malamai na karanta, na yi dariya har hawaye. Sannan na ɗauki jan biro na bi duk inda ta gajarce na zagaye, takarda ta koma kamar an yanka kaza a kanta. Washegari na tsayar da ita gaban aji na karanta a matsayin misalin lalaci. Aikin da ta kawo bayan wannan ba shi da kuskure ko ɗaya, kuma babu abin karantawa a ciki. Haka ta ci gaba har ta gama.

Akwai wani abokin aiki, Malam Iliya, da kan je duba takardun jarrabawar gama sakandare. Wata rana ya ga littattafan 'yan ajina a kan tebur, ya buɗe biyu uku, ya ce mini ina cutar yaran. Ya ce wasiƙar da aka rubuta wa ƙawa ko 'yar'uwa ana so ta yi kama da hira, masu dubawa ma abin da suke nema ke nan, wadda ta rubuta wa yayarta kamar tana rubuta wa alƙali ba ta amsa tambayar ba. Rabin awa na yi ina musu da shi. Tun a minti biyar na farko na gane shi ke da gaskiya, sauran ashirin da biyar ɗin girman kai ne. Kuma ban koma aji na ce na yi kuskure ba. Na bari sai da aka dawo hutu, na shigar da abin cikin darasi kamar wata sabuwar doka ce da ta zo daga sama.

Shekaru bayan haka na je asibiti da ciwon ƙafa, sai ga Hauwa'u cikin farin kaya, ita ke rubuta kati. Ta taso ta durƙusa ta gaishe ni, ta tsallake da ni layi. Ina so in faɗi wani abu mai daɗi, sai na ce mata har yanzu ina tuna labarin jakin nan, ko tana rubutu? Ta yi murmushi, ba da haushi ba, ta ce, "Ai Malama kin hana ni." Ta miƙo mini katin da hannu biyu.

Don haka ga ɗaya gefen, kuma nauyinsa ɗaya da na farko. In kina rubuta wa ƙawa, ko abokiyar aikin da kuke cin abinci a kwano ɗaya, ko kina amsa saƙon waya a zauren 'yan ajinku, ki saki hannunki ki rubuta yadda kike magana. Wanda ya cika kalma a inda ake hira, ji ake kamar yana faɗa ko yana ja da baya. Su kansu masu harshen haka suke yi: uwa tana cewa don't sau goma yaro bai ji ba, ranar da ta ware ta ce do not, ya san bulala ta kusa. Ba ina nufin wannan rubutun na 'ya'yan Gwaggonki ba, da suke sa harafi ɗaya a madadin kalma da lamba a madadin wata, har sai mutum ya nemi mai fassara. Wannan ba Turanci ba ne, ba Hausa ba ne, ƙyuya ce da kuɗin data. Kuma in wata rana aka sa wani a ƙarƙashinki ya kawo miki rubutu, ki fara gaya masa abin da ya yi kyau, ki kira shi gefe kamar yadda Malam Sule ya kira ni gindin bishiya. Na san abin da za ki ce a ranki in kin zo wannan layin. Ki faɗa, kin yi daidai.

Na uku ban taɓa ba kowa labarinsa ba sai babanku. Kin san Kawunki Lawal na Damari, Allah ya gafarta masa, kin kuma san ba ma yawan zuwa can kina ƙarama, amma ba ki san dalili ba. Shi ke gabana da shekara biyu. Tare muka yi firamare, shi ya koya mini karatu kafin malamai, da gawayi a bangon rumbu. Da ya tafi makarantar kwana ni ma na tafi tawa, wasiƙa muke yi wa juna, rabi Hausa rabi Turanci, cike da tsokana. Yana kirana Gajera, ina kiransa Yaya Dogo. Har bayan mun yi aure ba mu daina ba, duk direban da zai bi ta Sabuwa sai na ba shi takarda.

A bakin gonar mahaifinmu akwai wata ɗorawa. Da kalwarta Innarmu ta yi daddawar da ta saya mana littattafai, a ƙarƙashinta muke cin abincin rana in ana noma. Bayan rasuwar iyayenmu gonar ta koma hannunsa da yardar kowa. Wata shekara ya ga inuwarta tana kashe masa masara, ya kira masu gatari suka sare ta. Bai gaya mini ba, a bakin wata mata na ji a wajen suna. Yanzu da na tsufa na san manomi ne mai iyali, kuma bishiyar ta fara ruɓewa ta ciki. A lokacin ban tsaya jin wannan ba.

Da a ce na je Damari na yi masa ihu a tsakar gida, da matarsa ta ba mu haƙuri, da mun ci tuwo an wuce wurin. Da ma na rubuta masa da Hausa na zage shi tas, da ya rama. Ban yi ko ɗaya ba. Na sami farar takarda mai kyau, na sa adireshi a sama dama da hagu, na buɗe da Dear Sir, na rubuta cikakken sunansa, Muhammadu Lawal. Na sanar da shi, da Turancin da babu inda aka haɗiye ko harafi ɗaya, cewa na samu labarin abin da ya aikata, ba na buƙatar bayani, kuma ba zan ƙara sa baki a harkar gonar ba. Babu zagi ko ɗaya a ciki. Na san abin da nake yi sarai. Na zaɓi harshen da ake yi wa baƙo magana da shi, don ya ji ya zama baƙo.

Bayan kwana huɗu da hantsi sai ga shi a babur, tun daga Damari, ƙafafunsa duk jar ƙasa. Bai shigo ba, a zaure ya tsaya ya aika a kira ni. Ya zaro takardar daga aljihu ya ce:

"Gajera, wa kika rubuta wa wannan?"

Na ce ai sunan mai ita yana sama.

"Na duba," in ji shi. "Ban ga kaina a ciki ba."

Ya jira. Ina ganin yadda yake jira, yana juya makullin babur a hannu. Kalma ɗaya ta isa, ko Yaya kawai na ce da ya shigo ya sha ruwa. Na tsaya na naɗe hannu, ina jin daɗin na yi nasara. Ya mayar da takardar aljihu, ya ce a gaida yara, ya tayar da babur.

Shekara tara muka yi a haka. Ba gaba muke yi ba, kada ki ɗauka, gaba ma ta fi sauƙi don ana iya sasanta ta. Muna haɗuwa a biki da ta'aziyya, mu gaisa cikakkiyar gaisuwa, ina gida, ina iyali, ina aiki, babu abin da wani zai kama ya ce ga matsala. Bai ƙara kirana Gajera ba, Malama yake ce mini. Kowace sallah sai in ce bana zan je, sai wani abu ya taso, in kuma ce ai shi ne babba, shi ya kamata ya fara. Ina cikin aji ana ruwa aka zo aka kira ni waje aka gaya mini ya rasu. Zazzaɓin kwana uku ne. Bayan addu'ar bakwai matarsa ta ba ni wata leda da ta samu a akwatinsa, wasiƙuna ne tun na makaranta, a jere bi da bi. Waccan ita ce ta ƙarshe, bai yaga ta ba, bai kuma ware ta daban ba.

Yanzu kin gane abin da na gani jiya a ƙarƙashin fulas. Ba rashin kunyarki ce ta tayar mini da hankali ba, 'ya'ya sun yi wa iyaye abin da ya fi haka an wuce. Gwanintar ce. Kin san daidai inda za ki soka, kin yi shi da tsabta, ba ki bar abin da za a kama ki da shi ba. Ni na koya miki, ban kuma san ina koyarwa ba. Ina fushi da ke don kin ɗauko wannan makamin a cikin gida, ina fushi da kaina ninki biyu don a ɗakina kika same shi. Ki riƙe wannan fiye da duk abin da na faɗa a sama: Turancin ofis na ofis ne. Kada ki taɓa juya shi kan wanda kuka ci a kwano ɗaya, ko miji in Allah ya kawo, ko ƙawa, ko 'yan'uwanki. In ranki ya ɓaci da naki, ki je ki same shi, ki ɗaga murya in ta kama, ki yi kuka, ki faɗi abin da za ki nemi gafararsa gobe. Duk wannan yana gyaruwa. Takarda mai sanyi ba ta ba mutum inda zai kama ya dawo.

Saura Talata. Yau da safe na ɗauko takardun nan biyu na sake karantawa ni kaɗai, babu 'yan kallo. Ta farko, wadda kika rubuta wa ofishin kina karɓar aikin, akwai wuri biyu da kika gajarce, a layi na biyu da na kusa da ƙarshe. Ina nan a kan bakata, ki gyara su kafin ki miƙa, ko kina fushi ko ba kya yi. Ban da su takardar ta yi kyau, ta fi wadda na rubuta ina shekarunki nesa ba kusa ba, kuma ranar Talata ban faɗi haka ba. Ta biyu kuwa, sai yau na lura Maryam kika rubuta wa, ƙawarki da ta gaya miki an buɗe gurbin, wadda za ki sauka a ɗakinta. Godiya ce tsakanin ƙawaye. Duk abin da na zagaye a cikinta daidai yake yadda kika rubuta shi, ni ce ban tsaya na ga wa ake yi wa magana ba, na ga waƙafi kawai na hau. Ki sake kwafe ta yadda take, har da wasan da kika yi mata a kan girkinta, kada ki taɓa komai.

Ko da duka biyun cike suke da kuskure, ba ni da hujjar karanta su gaban mutane. Ke ba ɗalibata ba ce, kuma tsakar gida ba aji ba ne. Kin yi karatunki, kin nemi aikinki da kanki, kin samu, mata sun taru suna taya ki murna, ni kuma na zaɓi wannan ranar in nuna musu har yanzu na fi ki. Na yi kuskure, Shatu. Ki yafe mini.

Na rubuta ne don bakina yana rigan hankalina, in na fara da baki zan ƙare da wani gyaran. Amma ba zan bar takarda ta yi mini aikin da ya kamata ƙafata ta yi ba. Zan tura wannan ta ƙarƙashin ƙofarki yanzu. Gobe da hantsi, in babanku ya tafi gona, zan zo ɗakinki in zauna a bakin gado, ba sai kin zo nawa ba. In kin ga dama ki yi shiru ki ci gaba da shirya kaya, zan taya ki ninkewa. In kuma akwai abin da ke cikinki, na Talata ko na shekarun baya, ki faɗe shi da Hausa, da ƙarfi, yadda ya zo. Ba zan katse ki ba. Wannan alkawari ne mai wuya a wajena, amma na ɗauka.

Jibi ku fita da wuri, na riga na gaya wa babanku ya samo direban da ba ya tsaye-tsaye, ku wuce Funtuwa tun rana ba ta yi zafi ba. Kin san halin hanyarmu. Ki yi addu'ar hawa mota, ki riƙe azkar ɗinki safe da yamma. Allah ya kai ki lafiya, ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin mutane, ya sa albarka a aikinki da abin da za ki ci daga gare shi. Ya ba ki harshe mai taushi fiye da nawa. Ya jiƙan Kawunki, ya sa ya yafe mini. Ya dawo mini da ke lafiya, ki same ni da rai.

Wassalam.

Ni ce,
Innarki.